Neman shawara: mahaifina yana so ya daina maganin zuciya saboda awon jininsa ya daidaita

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan rashin lafiyar mahaifina, musamman waɗanda Allah ya hore wa ilimin aikin lafiya a cikinku, da waɗanda suka taɓa jinyar mai irin wannan larura. Mahaifina ya haura shekara 60, kuma ya daɗe da sanin cewa yana da hawan jini, sai dai bai taɓa ɗorewa a kan magani ba: idan kansa ya yi ciwo ya sha, idan ya ji garau ya ajiye. A 'yan watannin nan muka lura ƙafafunsa suna kumbura, har takalmin da ya saba sawa ya daina shigarsa da yamma, kuma idan aka danna ƙaurinsa da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Daga baya haki ya biyo baya, ko 'yar tafiya kaɗan ya yi sai ya tsaya ya huta. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne dare, domin ba ya iya kwanciya rigingine sai ya tara matasan kai, wani lokaci ma ya farka a firgice ya zauna bakin gado yana neman iska.

Mun kai shi asibiti, an yi masa hoton zuciya, likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, kuma abin da take turawa na jini a kowane bugu kashi 35 ne cikin ɗari. Aka ba shi frusemaid, wanda ke sa shi yawan fitsari, da lisinofiril, da bisofirolol, da sipironolakton. Alhamdu lillahi kumburin ya saɓe, yana kuma samun barci. To, yanzu matsalar ita ce, duk lokacin da muka auna jininsa a gida muna samun wajen 115 bisa 70, shi kuwa ya kafe a kan cewa tunda jinin ya sauka, babu dalilin da zai sa ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyi huɗu kullum, ga shi fitsarin yana takura masa. Ni kaina ban iya ba shi gamsasshiyar amsa ba, domin ban fahimci abin da ya haɗa raunin zuciya da kumburin ƙafa ba, ban kuma gane dalilin da ya sa ake ba mai ciwon zuciya maganin fitsari ba. Mahaifina mutum ne da ba ya karɓar umarni sai an kawo masa hujja. Don Allah ku taimaka mini da bayanin da zan iya zama in yi masa, sannan ku gaya mini ko akwai wanda zai iya ajiyewa daga cikin magungunan nan.

Wani ɗan'uwa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. A iya sanina, kumburin ƙafa alama ce ta ciwon ƙoda, saboda haka ina ganin ya kamata ku koma a duba ƙodarsa da kyau kafin ku sakankance cewa zuciya ce kaɗai. Kuma tunda maganin yana zuƙe masa ruwan jiki ta hanyar fitsari, ku riƙa ba shi ruwa da yawa yana sha domin ya mayar da abin da ya fita, ya kuma wanke ƙodar. Wannan ita ce tawa shawarar, masana kuma za su ƙara.

Wani malami mai koyar da ilimin aikin sassan jiki

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan kulawar da kike yi wa mahaifinki. Ni ba likitan da ke duba marasa lafiya ba ne, aikina koyarwa ne, don haka zan tsaya a kan tambayarki ta farko, wato yadda abin yake aiki, domin na yi imani cewa duk wanda ya gane hanyar da jini ke bi a jiki zai gane amfanin kowace ƙwaya da aka ba Baba ba tare da an tilasta masa ba.

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, kuma tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Gara ki ɗauke ta a matsayin famfo biyu da aka manne wuri ɗaya, kowanne da inda yake kai ruwansa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, wanda iskar oksijin ɗinsa ta ragu, ya tura shi zuwa huhu. A huhu jinin yana sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin, sannan ya dawo ɓangaren hagu, shi kuma ya tura shi ta babbar jijiyar da ake kira awota zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da tsokoki har zuwa yatsun ƙafa. Tsakanin ɗakunan, da kuma a bakin manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga zuciya, akwai bawul huɗu da ke buɗewa su rufe, domin kada jini ya koma baya, kuma ƙarar rufewarsu ce likita ke saurare idan ya ɗora abin sauraro a ƙirji. Wannan sani ya daɗe: Ibn Nafis, likitan da aka haifa a yankin Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya bayyana a ƙarni na 13 cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakanin ɓangarorin zuciya biyu, sai ya bi ta huhu, sannan a 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jini ɗaya ne ke zagaya jiki yana dawowa.

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5, kuma idan yana hutawa zuciya tana tura kusan wannan adadin a kowane minti, tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100, wato kimanin sau dubu 100 a yini. A kowane bugu ɗakin ƙasa na hagu ba ya juye duk abin da ke cikinsa. Zuciya lafiyayya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Wannan shi ne adadin da likita ya gaya muku cewa na Baba 35 ne. Kada lambar ta firgita ki har ki zaci saura kashi 35 na zuciyarsa ke raye. Abin da take nufi shi ne matsawar da tsokar ke yi ta ragu sosai, kuma duk abin da ya kai 40 ko ƙasa da haka ana lissafa shi cikin raunin da ke buƙatar irin magungunan da aka ba shi.

Yadda hawan jini ya kai shi nan kuwa, ɓangaren hagu ne ke ɗauke da aiki mafi nauyi, shi ya sa bangonsa ya ninka na dama kauri wajen sau uku. Idan matsin da ke cikin jijiyoyi ya yi yawa, dole zuciya ta ƙara ƙarfi kafin ta iya buɗe bawul ta tura jini, a kowane bugu, dare da rana, shekara da shekaru. Da farko tsokar tana yin kauri domin ta jure, amma kaurin nan ba alheri ba ne, domin yana sa bangon ya yi tauri, ga shi yana buƙatar ƙarin jini daga ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar. A ƙarshe sai ta gaji, ɗakin ya buɗe ya yi faɗi, matsawarsa ta yi sanyi. Duk wannan yana iya faruwa mutum bai ji ko ciwon kai ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna auna lafiyarsu da yadda suke ji a jikinsu.

Yanzu ki bi hanyar jinin ta baya, za ki ga amsar tambayarki. Idan ɓangaren hagu ya kasa kwashe jinin da ke zuwa masa, jinin yana taruwa a inda ya fito, wato huhu. Matsi yana ƙaruwa a cikin siraran jijiyoyin huhu, waɗanda bangonsu bai wuce kaurin ƙwayar halitta ɗaya ba, sai ruwa ya riƙa tsatsowa yana shiga inda iska ya kamata ta zauna. Wannan shi ne hakin. Da rana, yana zaune ko yana tsaye, nauyi yana janye ruwan zuwa ƙafafu. Da ya kwanta kuwa, ruwan da ya taru a ƙafa da ciki sai ya komo ƙirji, zuciyar da ba ta da ƙarfi ta kasa ɗaukarsa, shi ya sa yake farkawa yana neman iska, kuma shi ya sa zama ke ba shi sauƙi. Idan cunkoson huhu ya daɗe, ɓangaren dama ma yana gajiya, domin shi ke tura jini cikin huhun, to sai jini ya taru a jijiyoyin da ke dawo da shi daga jiki, ruwa ya tsatso a idon sawu da ƙauri, wani lokaci hanta ta kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, jijiyoyin wuya su fito ɓaro-ɓaro.

Saura batun ƙoda, wanda ɗan'uwanmu ya ambata, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ya kamo zancen daga tsakiya. Ƙoda tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa. Idan abin da ke zuwa mata ya ragu, ba ta da hanyar sanin cewa zuciya ce ta yi rauni. Abin da take yi shi ne abin da za ta yi wa mutumin da ya zubar da jini ko ƙishirwa ta kama shi, wato ta saki sinadaran da ke tsuke jijiyoyi, ta kuma riƙe gishiri da ruwa. Ga wanda ya zubar da jini wannan ceto ne, amma ga mai raunin zuciya ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya gaji. Saboda haka ƙodar Baba tana iya kasancewa lafiya ƙalau, amma ita ce ke tara ruwan, bisa saƙon da raunin zuciya ya aika mata.

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen masu ciwon zuciya

Malam ya gama magana a kan yadda abin yake, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan fara da gyara ɗaya cikin gaggawa, tare da girmamawa ga ɗan'uwan da ya fara amsawa: don Allah kada a ɗura wa Baba ruwa da sunan wanke ƙoda. Ruwan da maganin ke fitarwa shi ne wanda ya hana shi barci, mayar da shi kuwa mayar da cutar ne. Ya sha gwargwadon ƙishirwarsa, idan kuma likitansa ya ƙayyade masa adadi, to a tsaya a kansa. Shawarar duba ƙoda kuwa tana nan daram, domin duk mai shan lisinofiril da sipironolakton dole ne a riƙa gwada jininsa lokaci-lokaci a ga aikin ƙoda da yawan sinadarin fotasiyam, wanda idan ya hau fiye da kima yana iya rikita bugun zuciya.

'Yar'uwa, amsar tambayarki ta biyu a taƙaice ita ce babu ko ɗaya da zai ajiye da kansa. Hujjar da Baba ya kafa a kanta tana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, 115 bisa 70 da kuke gani aikin magani ne, ba alamar cewa cutar ta tafi ba ce. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, yanzu ba don saukar da hawan jini kaɗai ake ba shi waɗannan ƙwayoyi ba. Muna da marasa lafiya da ba su taɓa yin hawan jini ba a rayuwarsu, amma saboda raunin zuciya suna shan irin waɗannan magunguna. Lisinofiril yana toshe saƙon nan da Malam ya ce ƙoda na aikawa, jijiyoyi su saki, zuciya ta samu sauƙin turawa. Sipironolakton yana tare wani sinadari da ake kira aldosteron, wanda ke sa jiki riƙe gishiri, yake kuma sa tsokar zuciya yin tabo. Bisofirolol yana rage gudun zuciya, ya kare ta daga bulalar sinadarin adirenalin, wanda jiki ke ta zuba mata domin ta ƙara ƙoƙari alhali hutu take buƙata. Waɗannan ukun an tabbatar da cewa suna rage mace-mace da yawan kwanciya a asibiti ga masu irin larurarsa, ko da mutum bai ji wani canji a jikinsa ba ranar da ya sha su. Frusemaid shi ne mai kwashe ruwa, shi ne wanda ake jin aikinsa nan take, kuma shi ne wanda likita ya fi yawan ƙarawa ko ragewa gwargwadon hali. Idan fitsari ne ya dame shi, to a kan wannan za a yi magana da likita, kuma sau da yawa gyaran lokaci kaɗai ya isa: a sha da safe, idan sau biyu aka rubuta, na biyun kada ya wuce tsakar rana zuwa farkon yamma, domin ya samu barcin dare. Ku kuma tambayi likitan game da wani rukunin magani dabam, irin su dafagiliflozin, wanda asalinsa maganin ciwon suga ne amma yanzu ana ba masu raunin zuciya ko ba su da suga. Shi zai san ko ya dace da Baba.

Abin da nake roƙon ku yi a gida ba shi da wahala. Ku samu sikeli, ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, da tufafi masu nauyi iri ɗaya, a rubuta a littafi. Ruwa yana fara taruwa tun kafin ido ya ga kumburi, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli. Idan nauyinsa ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ku nemi likita ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Gishiri kuwa a rage shi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a haɗe da wanda ke ɓoye cikin abin da aka sarrafa. Kada ku maye gurbinsa da gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini sai da izinin likita, domin yawancinsa fotasiyam ne. Sannan ku kiyaye shi daga magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda dattawa ke yawan sha saboda ciwon gwiwa. Na sha ganin mutumin da ya samu sauƙi ya dawo mana a kumbure, da aka bincika sai a tarar waɗannan ƙwayoyi ne suka sa ƙodarsa riƙe ruwa. Haka duk wani haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, a nuna wa likita kafin ya kai bakinsa.

Wani dattijo mai fama da irin wannan larura

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni sa'an mahaifinki ne, kuma abin da ke damunsa shi ke damuna, saboda haka bari in gaya miki abin da masu ilimi ba su faɗa ba. Mutumin da ya saba shi ke ɗaukar nauyin kowa, yana da wuya ya wayi gari 'ya'yansa na tsaye a kansa da ƙwayoyi a tafin hannu suna ƙirga masa. Wani lokaci ba maganin yake ƙi ba, matsayin da maganin ya ajiye shi yake ƙi. Idan kika je masa da "likita ya ce", zai ji kamar an mayar da shi yaro. Ki je masa da bayanin da Malam ya yi, ki bar shi ya yi tambayoyinsa, sannan ki damƙa masa littafin awon nauyi da na awon jini a hannunsa, ya zama shi ke rubutawa, shi ke kai wa likita. Ni da hannuna nake rubuta nawa, kuma ranar da na ga lambar ta ɗaga, nakan duba idon sawuna in ga shaidar bakin safa ta nutse a fata, tun kafin kowa ya ce mini komai na san abin da ake ciki.

Batun fitsari gaskiya ne, yana takurawa, musamman idan mutum zai yi tafiya ko zai zauna cikin jama'a. Na gaya wa likitana haka ƙarara, muka daidaita a kan lokacin da zan riƙa sha a irin waɗannan ranaku. Ki ƙarfafa masa gwiwa ya faɗi nasa da bakinsa idan kun je. Kuma kada ku hana shi motsi saboda tausayi. Tafiya a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gwargwadon yadda zai iya magana yana tafe ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba, tana da amfani. An bayyana mini cewa tsokar dambubu idan tana motsi tana matsa jijiyoyin ƙafa, ta taimaka wajen mayar da jini sama zuwa zuciya.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba dattijo, na karɓi shawararka, kuma na ga alamar ka san halin mahaifina tamkar kun taɓa zama tare. Malama, ina da sauran tambayoyi uku. Tun da ya fara magungunan nan yana wani busasshen tari marar majina, yana cewa maƙogwaronsa na yi masa ƙaiƙayi, shin ruwan ne ke dawowa huhu? Na biyu, na'urar awon tana nuna bugun zuciyarsa wajen 58, alhali Malam ya ce daga 60 ne zuwa 100, ko wannan abin tsoro ne? Na uku kuwa ita ce wadda na san zai fara yi mini: shin zuciyar tana iya farfaɗowa, kuma idan ta farfaɗo zai huta da magani?

Ma'aikaciyar jinya

Tarin da kika kwatanta ya fi kama da wanda lisinofiril da danginsa ke jawowa, kuma sananne ne, yana samun mutane da dama. Ba shi da haɗari a karan kansa, amma yana hana sakewa, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa mutane su yar da maganin a ɓoye. Ku gaya wa likita, domin akwai wani rukuni, irin su losatan da balsatan, da ke yin kusan aiki ɗaya ba tare da yawan jawo tari ba. Sai dai ba daga nesa ake yanke hukunci ba, dole a saurari ƙirjinsa, saboda tarin da ruwa a huhu ke jawowa ma yana iya farawa a bushe. Abin da zai sa ku fi zargin ruwa shi ne idan tarin yana tsananta da ya kwanta, yana tare da haki, nauyinsa kuma yana hawa a sikeli. Idan kuwa leɓɓansa ko harshensa ko fuskarsa suka kumbura, wannan wani abu ne dabam da maganin kan haifar nadiran, kuma na gaggawa ne, a tafi asibiti nan take.

Bugu 58 ga mai shan bisofirolol ba abin tsoro ba ne muddin yana jin daidai, hasali ma rage gudun shi ne abin da ake nema. Zuciya tana cika da jini ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, kuma a wannan ɗan hutun ne jijiyoyin da ke ciyar da tsokarta suka fi samun jini, saboda haka idan ta rage sauri ta fi cika, ta fi kuma ƙoshi. Abin da zai sa ku kira likita shi ne idan ya sauka ƙasa da 50, ko jiri yana ɗibarsa, ko ya ji kamar zai faɗi idan ya miƙe. Ki koya masa ya riƙa tashi daki-daki, ya zauna bakin gado na ɗan lokaci kafin ya tsaya. Ki kuma riƙa ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa kina jin bugun da kanki na minti ɗaya. Idan kika ji ba shi da tsari, yana sauri yana tsayawa ba ƙa'ida, ku sanar da likita, domin akwai wata rikicewar bugu ta ɗakunan sama da ke yawan samun masu raunin zuciya, wadda ke sa jini ya daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma akwai maganin da ke kare hakan. Wannan ƙwaya ta bisofirolol musamman ba a yanke ta farat ɗaya, domin zuciya na iya zabura da gudu mai haɗari.

Game da farfaɗowa, ki gaya masa gaskiya: e, tana yiwuwa. Akwai waɗanda bayan watanni a kan magani ake sake hoton zuciya a ga lambar ta hau, wasu har ta koma kusa da daidai, musamman idan an shawo kan abin da ya jawo raunin, kamar hawan jini. Ba kowa ke samun haka ba, kuma babu mai iya yi masa alkawari. Amma ko ta hau, ba a ajiye magani. An gwada hakan a wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, inda aka janye magani a hankali, ƙarƙashin kulawar likitoci, daga mutanen da zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni sannan ta farfaɗo, sai kusan kashi 40 cikin ɗari suka koma gidan jiya cikin wata 6. Abin da ake iya ragewa idan ruwa ya daina taruwa shi ne frusemaid, wanda dama shi ne ya fi damunsa, kuma likita ne zai rage shi bisa abin da littafin awon nauyi ya nuna.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu, kuma ina so duk wanda ke kwana gida ɗaya da Baba ya san su. Idan numfashinsa ya sarƙe yana zaune ba ya aikin komai, ko ya fara tari mai kumfa fari ko mai ratsin ja. Idan ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, musamman in yana tafiya zuwa hannu ko wuya ko muƙamuƙi, tare da zufa mai sanyi. Idan ya suma. Ko kuma bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, maganarsa ta harɗe, to a nufi sashen gaggawa na asibiti a lokacin. A hanya ku bar shi a zaune, ƙafafunsa a ƙasa, kada ku kwantar da shi idan numfashi ne matsalar, kuma ku tafi da dukkan kwalayen magungunansa da littafin awon, domin wanda zai karɓe shi ya ga abin da yake sha da yadda nauyinsa ya kasance a kwanakin baya.